JAWABI KAN CIWON DA YA FI ƘARFIN RAUNINSA

Jawabin yau ya shafi wani ciwo ne da kan biyo bayan karaya, ko targaɗe, ko aikin tiyata a hannu ko ƙafa. Raunin ya warke, hoton ƙashi ya nuna ƙashi ya haɗe, amma mai shi yana nan yana kukan gaɓar tana ci masa kamar an sa ta a wuta. Likitoci suna taƙaita sunan wannan ciwo da haruffan CRPS.

Ciwon ba sabo ba ne. A shekarar 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, wani likita mai suna Silas Weir Mitchell ya bayyana shi a jikin sojojin da harsashi ya taɓa wa jijiya. A 1900 kuma Paul Sudeck na ƙasar Jamus ya nuna yadda ƙashin irin wannan gaɓa yake zaizayewa. Sunan da ake kiran sa da shi yanzu sai a 1994 ya tabbata. Kashi biyu ne: wanda ba a ga lahani a wata babbar jijiya ba, shi ne mafi yawa, da wanda aka gani. Ya fi kama mata, kuma karayar wuyan hannu tana cikin abubuwan da suka fi tayar da shi.

To, me ya sa yake rikita mutane? Saboda ba ya zama da kama ɗaya. Da farko gaɓar takan kumbura, ta yi ja, ta yi zafi. Bayan watanni sai ta koma sanyi ƙalau, launinta ya dushe, fatar ta yi sheƙi. Wani gumi ke tsattsafo masa a nan kaɗai, wani kuwa bushewa take. Farce da gashin wajen su canza yadda suke tsiro, yatsu su sandare. Shafar riga ko iskar fanka kawai sai ta sa mutum ihu. Abin da likita ya gani yau, wani satin ba lallai ya same shi ba.

Don haka ake ɗaukar sa a matsayin wani ciwon daban. A ga ja da zafi a ce ƙwayoyin cuta ne, a ɗora mutum kan magani. A ga kumburi a ce gudan jini ne, ko amosanin gaɓɓai. A gida kuma wasu su ce jifa ne. Mafi muni shi ne a ce wa majinyaci raki ne, ko yana langaɓewa don gudun aiki. Wannan zalunci ne, domin ciwon gaskiya ne, tushensa rikicewar aikin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa wajen isar da saƙon zafi.

Babu gwajin jini ko hoto guda da ke tabbatar da shi. Ƙa'idar da masana suka tsara a birnin Budafes a 2003 ta kasa alamomin gida huɗu: yadda fata ke jin taɓawa, zafi ko sanyi da launi, kumburi da gumi, sai motsi da yanayin farce, gashi da fata. Dole majinyaci ya faɗi alamu daga gida uku, likita ya gani da idonsa daga gida biyu, zafin ya zarce girman raunin, sannan a rasa wani ciwon da zai bayyana lamarin.

Wannan sharaɗi na ƙarshe, a riƙe shi da kyau, don kuskuren yana iya juyawa. Wanda filasta ko ɗori ya matse shi, zafi na ƙaruwa, yatsu suna mutuwa, a garzaya da shi asibiti a take, kada a kwana, domin jini ne ake tsoron ya yanke, gaɓar ta lalace.

Wanda kuwa aka tabbatar masa da ciwon, kada ya naɗe hannun ya ajiye don tsoron zafi. Rashin motsi ƙara sandarar da shi yake yi. Babban magani shi ne motsa gaɓar sannu a hankali a hannun ma'aikatan gashin ƙashi, tare da magungunan rage zafi. Da yawa sukan sami sauƙi cikin shekarar farko, musamman in an gano shi da wuri.

Saboda haka majinyaci ya riƙa rubuta abin da ya gani kowace rana, ya kai wa likita. 'Yan gida kuma su gaskata shi, su raka shi asibiti. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.