DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: JAWABI GA MASU KULA DA KWAMFUTA



Kamar yadda kuka sani, a yau babbar na'ura guda takan ɗauki kwamfutoci da yawa a cikinta, waɗanda ba su da jiki sai manhaja, kuma kowace ana ɗaukar kwafinta don gudun asara. Matsalar ita ce rumbu ƙarami ne. In kwamfuta tana da gigabait 100, aka ajiye cikakken kwafinta kullum, shekara guda za ta ci gigabait 36,500.

Wasu, in wuri ya cika, sai su share tsofaffi su bar na mako guda. Wannan kuskure ne babba, domin ɓarna takan yi watanni ba a lura ba, ranar da aka gano kuwa duk sababbin kwafin sun ɗauke ta.

Shawarata ita ce a rage yawa, kada a rage nisa. A ajiye 7 na kwanaki, 4 na makonni, 12 na watanni. Kwafi 23 ke nan, gigabait 2,300, amma sun kai shekara baya. Manhaja irin Proxmox Backup Server, wadda ta fito a 2020, tana ƙara sauƙi, don abin da ya maimaitu sau ɗaya take ajiye shi.

Daga ƙarshe, lalle a kai kwafi guda wani gini dabam, a kuma riƙa gwada maido da shi, gama wanda ba a gwada ba, ba a san yana aiki ba.