Abin da Tsingaro Ya Faɗa Game da Girkin Mutanen Da

Jama'a, ku saurara. Kowane ɗayanku ya taɓa tuntuɓe da tsingaro a gona, ya sa ƙafa ya ture shi. To, yau zan gaya muku labarin da tsingaro ya bayar.

A kudancin Jihar Kaduna akwai wani ƙauye ana ce da shi Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na yumɓu a can. Da aka bi sawu, sai aka tarar waɗansu manoma sun zauna a ƙasar nan tun wajen shekara 3,500 da suka wuce. Ba su bar rubutu ba, amma sun bar tukwanensu da duwatsun niƙa.

Me suke ci? Kun sani in ƙwayar hatsi ta faɗa wuta ta zama gawayi, ba ta ruɓewa. A kufayinsu an sami ƙonannen gero, da wake, da ƙwallon atile. Duwatsun niƙan kuwa su ne shaidar suna mai da hatsi gari.

Yaya suke dahuwa? Tukunyar ƙasa tana shan maiƙon abin da aka dafa a cikinta, ta riƙe shi shekaru dubbai. Masana na jami'ar Farankfot ta Jamus da ta Biristol ta Ingila suka ɗauki tsingaro fiye da 450, suka gwada. A 2021 suka ba da labari cewa cikin waɗanda suka riƙe maiƙo, wajen kashi ɗaya cikin uku na da kakin zuma. Watau mutanen nan sun san ɗibar zuma, suna zuba ta a tukunya. A 2022 kuma aka bayyana cewa waɗansu tukwanen ganye aka dafa a cikinsu.

Ashe ke nan gero da wake da dafaffen ganye, waɗanda waɗansunku ke rainawa suna cewa abincin talaka ne, su suka riƙe mutane tun zamanin da ba a san ƙirar ƙarfe a ƙasar nan ba.

Saboda haka, in garmarka ta tono tsohuwar tukunya, kada ka fasa, kada ka sayar wa baƙo. Bar ta inda take, ka sanar da ma'aikatan gidan tarihi. Ku tuna, da tsohuwar zuma ake magani.