Gawo a Gona, Hatsi a Zango



Kai mai cefane, ke mai tuƙa tuwo, kun san yadda kwanon hatsi ya yi tsada. Wani zai ce mu mazauna bakin teku ne, ina ruwanmu da gonar Arewa? To, albasa da dawa da ragon layya daga can suke gangarowa, ta Malanbil da Kandi da Faraku. In ƙasar Alibori ta gaji, tukunyar Kwatano ce za ta gaya muku. Damina yanzu ba ta da alkawari: ko ruwa ya makara, ko ya ɗauke gero na bununi, ko ya zo da ambaliya irin ta 2010.

Maganin na nan kusa, wajen 'yan'uwanmu na Maradi. Tun daga 1983 manoma can suka fara daina ƙone kututturen da ke toho a gona. Sai mutum ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya tsare su daga awaki. Sassabin zamani suke ce masa. Da wannan dabara Nijar ta farfaɗo da gonaki kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, ba dashe, ba ban ruwa.

Ku dubi gawo. Da damina yake kaɗe ganye, ganyen ya zama taki, inuwarsa ba ta danne gero. Da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Itatuwan gona suna karya iska, ƙasa ta riƙe laima, mata su sami itacen girki kusa da gida.

Amma ba mai renon icen da za a ci shi tara in ya taɓa. Shi ya sa a 2020 Nijar ta yi dokar da ta tabbatar wa manomi icen da ya rena.

Abin da za mu kai majalisa ke nan: icen gona ya zama na mai gona, a rubuce. A tura malaman gona ƙauye-ƙauye su koyar da sassabin zamani. A shata burtali, manomi da makiyayi su zauna lafiya.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, har mu, ku tambaye shi: me ka tanadar wa ƙasar da ke ciyar da mu? Ku adana katinku, ku fito ranar zaɓe.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.