Kwana Uku a Bakin Duniya: Me Ya Rage wa Mai Sunan?

  

An ce in yi magana a kan suna, wato abin da ku ƴan zamani kuke ce wa buz. Sunan mawaƙa da ƴan siyasa, waɗanda suka yi shekaru suna nemansa, mu ajiye shi gefe. Wanda nake nufi shi ne talakan da ya kwana ba wanda ya san shi sai maƙwabta, ya wayi gari hotonsa yana cikin wayar kowa daga Dogon Dutsi har Yamai, bayan mako guda kuma an manta da shi. Zan fara da laifin kaina, don kada ku ce na zo in yi muku wa'azi.

Shekara biyu ke nan, wani abokina ya turo mini bidiyon wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Wani fasinja ne ya yi mata ƙorafi wai ƙosan ya ƙanƙance, ita kuwa ta wanke shi tas da irin Hausarmu ta Arawa, tana lissafa masa kuɗin tiyar wake da na litar mai da na itace. Wallahi na yi dariya har da hawaye. Nan take na tura wa mutum ya fi ashirin. Kafin la'asar bidiyon ya dawo mini ta hannun wani ɗan uwa da ke Kwatano, an riga an ɗora masa kiɗa. Kwana uku duk fadar da ka zauna shan shayi, maganarta ake maimaitawa.

Bayan wata biyu na bi ta tashar, ban ga kaskonta ba. Na tambayi mai shayin da ke kusa, ya ce ai Iya ta daina fitowa. Yara sun riƙa tsayawa gabanta da waya a ɗage suna tsokanarta don ta sake faɗa. Jikarta a makaranta an laƙa mata kalmar da kakarta ta faɗa. Ƙarshe ɗanta ya ce ta zauna gida. To ku yi lissafin tare da ni. Wanda ya ɗauki bidiyon ya ƙara mabiya. Ni na samu dariyar minti biyu. Ita ta rasa wurin da take samun na cefane. Kuma cikin dukanmu da muka yaɗa shi, ba wanda ya san sunanta.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, mu ƴan ƙasar Arewa ba baƙin wannan al'amari ba ne. Tun kafin waya ta zo muna da hanyar da manomi yake zama gwarzo cikin yini guda, ita ce kokowa. Bayan kaka, in an gama ɗaurin hatsi, ƙauye yakan gayyaci ƙauye. Yaron da jiya yake bayan shanu ya ɗaura warki da layu ya shiga fili. In ya ka da wanda ake tsoro, daren nan sunansa ake kira daga Matankari har Kore Mairuwa.

Daga 1975 abin ya zama na ƙasa baki ɗaya, lokacin da aka buɗe gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin fili na farko. Yau kowace jiha cikin takwas tana kawo ƴan kokowa goma, mutum 80 ke nan, a yi wajen kwana goma ana gwabzawa, Tele Sahel da rediyo suna watsawa kai tsaye. Kun san sunayen da suka dore: Salma Ɗan Rani wanda filin kokowar Doso yake ɗauke da sunansa, da Isaka Isaka wanda ya ɗaga takobi har sau shida. Amma takobi ɗaya ne. Sauran 79 fa? Cikinsu akwai wanda rabonsa yamma ɗaya ce tak: ya ka da babban gwani, jama'a ta tashi tsaye, aka ɗauke shi a kafaɗa, washegari wani ya ka da shi, ya koma gida ya jira damina. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya, shi ma ya san haka tun kafin ya shiga.

To me ya sa wannan ɗan gajeren suna bai lalata shi ba, alhali na Iya mai ƙosai ya raba ta da sana'arta? Ku duba yadda kakanninmu suka tsara abin. Ɗan kokowa da ƙafarsa ya shiga fili, ba wanda ya laɓe ya ɗauke shi. Makaɗi yana kiran sunansa, da na ubansa, da na garinsu, don haka sunan yana komawa inda ya fito. Kyautar da aka yi kuwa hannunsa take shiga, a gaban kowa, ana shelanta mai bayarwa da mai karɓa. Makaɗin ma yana ci, amma ba ya cinye rabon mai kokowa. Ko da an manta da shi baɗi, ya koma gida da abin sayen sa ko na gyaran ɗaki, kuma ya koma da mutuncinsa.

Akwai wani irin suna kuma, wanda yake zuwa daga waje da kyamara a hannu. Mutanen Lugu, can wajen Ɗan Kasari, sun daɗe da saninsa. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa garin. Sarauniya Mangu da mutanenta suka yi tirjiya da kwari da baka, suka janye cikin daji, aka ƙone garin. Labarin ya zauna a bakin tsofaffi shekaru da yawa, har Abdullahi Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi. Yau akwai gidan rediyo da talabijin mai sunan Sarauniya, akwai lambar girmamawa ta ƙasa mai sunanta, kuma duk wannan abin alfahari ne gare mu.

Amma ku je Lugu ku gani da idonku. Ƙauyen manoma ne kamar sauran ƙauyukanmu, kuma sarautar Sarauniya ba ta yanke ba. Baƙi sukan zo da mota, a zaunar da tsofaffi, a yi musu tambayoyi, a ɗauki hoto, kafin magariba ƙura ta lafa. Tsohon da ya ba da labarin ya fito a talabijin minti ɗaya, wataƙila bai ma taɓa ganin kansa ba. Gaskiya akwai waɗanda suka dawo, suka zauna da mutanen garin, suka kama musu aikin makaranta da na ruwa, kuma su ne mutanen garin za su iya kiran sunansu. Sauran sun ɗauki abin da suka zo nema sun wuce.

In kuna son ganin iyakar inda irin wannan yake kaiwa, ku tuna hoton yarinyar nan ta Afganistan mai korayen idanu. Wani Ba'amurke, Steve McCurry, ya ɗauke ta a 1984 cikin sansanin ƴan gudun hijira a Pakistan. Mujallar National Geographic ta sa hoton a bangonta a watan Yuni na 1985, ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sani a duniya. Shekara 17 ba wanda ya san sunanta. Sai a 2002 aka gano ta, aka ji sunanta Sharbat Gula, kuma ita ba ta taɓa ganin hoton ba. A 2016 aka kama ta a Pakistan kan maganar takardun zama, aka mayar da ita ƙasarsu. Fuskarta ta zaga duniya ba tare da biza ba, ita kuma takarda ta gagare ta.

Kada ku fita nan ku ce na ce duk sunan ɗan lokaci sharri ne. Ranar 26 ga Mayu 2018, Mamudu Gasama, ɗan Mali mai shekara 22 wanda ba shi da takardun zama, ya hau bene hawa huɗu da hannu a birnin Paris, ya ceto yaro ɗan shekara huɗu da ke reto a baranda. Da ba wanda ya ɗaga waya, da labarin ya tsaya a unguwar. Bidiyon ne ya kai shi gaban Shugaba Macron bayan kwana biyu, ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Haka a Kano a 2023, wani saurayi mai tuƙa adaidaita sahu ya mayar wa wani ɗan kasuwa daga Cadi kuɗi wajen naira miliyan 15 da ya manta cikin kekensa. Aka faɗi sunansa, aka nuna gidansu, jama'a suka yi ta kai masa kyauta. A nan abin ya yi kama da filin kokowa: an nuna mutum a kan abin da shi kansa zai so a gani, an kira sunansa daidai, alherin kuma ya same shi.

Ga inda maganata ta dosa. A da, kyamara tana hannun baƙo, mu kuma mu yi ta gunaguni an zo an ɗauke mu an tafi. Yanzu tana aljihun kowanenmu. Ɗan Yamai da ya zo hutu ƙauye, ɗalibar da ta dawo daga jami'a, ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja, duk mun zama masu motar nan da ke zuwa Lugu. Har mun fi su haɗari, don mu mun san harshen, mun san abin da zai ba mutane dariya, kuma an yarda da mu.

Tun 2019 Nijar tana da doka a kan laifukan intanet, wadda ta haɗa da zagi da ɓata suna. Amma Iya mai ƙosai ba za ta je kotu ba, ba ta ma san ƙofar da za ta bi ba. Abin da zai kare ta shi ne kunyarmu. Saboda haka kafin ka ɗaga waya a kan wani, tambaye shi. In tsohuwa ce, ka durƙusa ka gaishe ta, ka faɗa mata inda abin zai je, da Hausar da za ta gane: Iya, mutanen Kano da na Abijan za su gan ki. In ta ce a'a, mayar da wayar aljihu. In ta yarda, rubuta abin da take sayarwa da inda take zama, don wanda ya yi dariya ya san inda zai kai jikarsa guda. In kuwa turo maka aka yi, kafin ka danna, ka sa mahaifiyarka a wurin. Magana zarar bunu ce, bidiyo kuwa ya fi ta, don ko ka goge naka yana cikin wayoyi dubu.

Kai kuma da Allah zai sa rana ɗaya abin ya faɗo kanka, ƙanena, ƙanwata, ka sani baƙo ne, ba ya kwana da yawa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Duk wanda ya yi maka alkawari gaban kyamara, ka nemi ya cika kafin a naɗe wayoyi, ko ya rubuta a gaban shaidu. Ka zaɓi abin da zai zauna: jari, babur, keken ɗinki, kuɗin karatu. Kada ka saki gona ko shago don mutum dubu goma sun danna maka alamar so, don ba ɗaya cikinsu da zai auna maka hatsi in bazara ta yi tsanani. Kuma ka yi hattara da jarabar maimaitawa. Mun sha ganin wanda ya ɗanɗana sau ɗaya, ya koma yana cin mutuncin kansa kullum don a sake kallonsa.

Zan rufe da inda na fara. Na nemi gidan Iya, na je na gaishe ta, na faɗa mata ina cikin waɗanda suka yaɗa. Ta dube ni ta yi shiru, sannan ta tambayi mutanen gidanmu, ta ce ta yafe. Ban ji sauƙi ba, don yafiyarta ba ta mayar mata da wurinta a tasha ba, wata ta riga ta kafa kasko a can. Yanzu a ƙofar gida take tuya, cinikin bai kai rabin na da ba. Duk safiyar da nake gari nakan biya in saya, wayata tana aljihu. Na san sunanta yanzu, amma ba zan faɗe shi nan ba, don na tambaye ta ta ce in bar shi.