ABIN DA MUKA GANI A GAƁAR ALLI TA ƘASAR INGILA



An nemi mu ba da labarin ziyarar da muka kai bakin teku a kudancin Ingila, sa'ad da muka je ɗan gajeren kwas na hutun ƙarshen shekara. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to amma tun da ba kowa ne ya sami zuwa ba, ga abin da idonmu ya gane mana.

Mun tashi daga Landan da sassafe a cikin bas, tare da jagoranmu, wani dattijo wanda ya san wurin kamar tafin hannunsa. Da hantsi muka isa gaɓar da ke tsakanin garin Seaford da na Eastbourne, a lardin Sussex ta Gabas. Yawancinmu 'yan tudu ne, babban ruwan da muka sani shi ne na madatsar Tiga, saboda haka da muka hau wata 'yar tunga mai ciyawa, muka ga ƙasa ta yanke ƙat a gabanmu, sai kowa ya yi tsit. Ganuwa ce ta alli, fara fat, a tsaye kyam kamar an sa wuƙa an yanka, teku kuwa na can ƙasa yana dukan gindinta. Tuddan sun jeru bi da bi, Turawa na kiransu 'Yan'uwa Mata Bakwai. Gabas da su akwai Beachy Head, mai tsayin mita 162, wato ƙafa 531, wadda ta fi kowace gaɓar alli tsawo a Birtaniya.

Jagoran ya ɗauki wani ɓaren dutse ya murza, ya nuna mana yatsunsa sun yi fari. Ya ce wannan alli asalinsa ɓawon wasu ƙananan halittu ne na ruwa, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma. Suna mutuwa, ɓawonsu na sauka ƙarƙashin teku yana taruwa, har ya daskare ya zama dutse, fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce. A jikin ganuwar kuma akwai baƙaƙen layuka na ƙanƙara, irin dutsen da kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi. Nan ɗaya daga cikinmu, ɗan Sakkwato, ya tuna mana cewa farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, shi ma a ƙarƙashin teku ya taru, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Ashe ƙasar da muke ɗauka tudu ce tun fil'azal, teku ya taɓa kwanciya a kanta. Ikon Allah ke nan.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dalilin farin ganuwar. Ba wanke ta ake yi ba. Igiyar ruwa ce ke ƙwaƙular gindinta, ruwan sama na shiga tsaguwoyinta daga bisa, sanyi ya daskarar da shi ya buɗa su, wata rana sai gefe guda ya rufta, sabon alli ya bayyana. Wato kyanta daga rushewarta yake. Inda aka tare teku da siminti, ciyawa kan rufe allin, farin ya dushe.

A wani ƙauye mai suna Birling Gap muka ga abin da wannan ke nufi ga masu zama a wurin. Akwai jerin gidajen da aka gina wa masu tsaron gaɓa a 1878, nesa da baki a lokacin. Teku ya yi ta matsowa, ana rushe na ƙarshen layi ɗaya bayan ɗaya kafin ya faɗa da kansa. An rushe wani a 2014, bayan guguwar hunturun shekarar ta cinye a wata biyu abin da akan yi shekaru ba a ci ba. Mazauna sun nemi a yi musu katangar kariya, hukuma ta ƙi, bisa hujjar cewa tsarin shi ne a bar gaɓar ta bi halinta. Mun yi muhawara a kan wannan har cikin mota. Wasunmu suka ce zalunci ne a bar mutum ya rasa gidansa, wasu suka ce zuba dukiyar jama'a a yaƙin da ba za a ci ba shi ne wauta. Har yau ba mu daidaita ba.

Sama kaɗan akwai hasumiyar Belle Tout, wadda aka fara kunna fitilarta a 1834 don yi wa jiragen ruwa gargaɗi. Sai aka tarar hazo kan rufe ta saboda tana can bisa, aka gina wata a gindin gaɓar, cikin ruwa, a 1902. Da baki ya matso kusa da tsohuwar, a 1999 injiniyoyi suka ɗaga ta ɗungurungum, tan 850, suka tura ta baya mita 17. Ba su hana teku ci ba, lokaci kawai suka saya.

Ba za mu ɓoye muku wani abin kunya ba. Ɗayanmu ya matsa baki don a ɗauke shi hoto, jagoran ya daka masa tsawar da ta razana mu duka. Da muka sauka ta matakala zuwa bakin ruwa, ya nuna mana wurin daga ƙasa, sai ga shi ciyawar da abokinmu ya taka tana reto ne a kan iska, gindinta ya riga ya zube. Daga sama kuwa ba abin da ya nuna haka.

To, 'yan'uwa, da yawa daga cikinmu gobe mu ne a ofisoshin safiyo da na ayyuka da na ƙananan hukumomi, mu ne za mu sa hannu a takardun filaye. Ba mu da gaɓar alli, amma muna da kwazazzabai masu cin unguwanni kowace damina, muna da gidaje a kan hanyar ruwa. Waɗanda suka gina gidajen Birling Gap sun auna ƙasa yadda take a ranar, ba su auna inda za ta kai ba, jikokin wasu ne suka biya. Idan aka kawo mana takarda, kafin mu tambayi na wane ne filin, mu fara tambaya ina ruwa ke bi, kuma taku nawa ya ci a shekara goma da suka wuce. Rigakafi dai ya fi magani.

 Allah ya sa mu amfani ƙasarmu da abin da muka koya, amin.