Mako Ɗaya a Bakin Ruwan Tiga: Me Za Mu Bari a Baya?

Mun gode wa Allah da ya kawo ku lafiya daga Bebeji, da Ƙiru, da Tudun Wada, har da waɗanda suka ratso dajin Falgore daga Doguwa da Riruwai.

Abin da ya tara mu shi ne zangon yara da matasa na mako ɗaya da muke shirin yi kusa da ruwan Tiga, bayan an gama girbi, makarantu kuma suna hutu. Muna neman masu aikin sa kai. Amma kafin kowa ya ba da sunansa, ya kamata mu tambayi kanmu: in motar ƙarshe ta tashi, me zai rage wa ƙananan ikilisiyoyin da suka aiko mana da 'ya'yansu?

Kun san halin da ake ciki a ƙauyukanmu. Akwai inda mai bishara ɗaya ke kula da majami'u da yawa a kan babur. Akwai inda yaro zai kai shekarun aure bai iya karanta Littafi Mai Tsarki ba, alhali tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa. Yaron da bai san abin da ya gaskata ba, ba zai iya tsayawa ba in tambaya ko ruɗi ya zo masa. Wannan shi ne nauyin da ke kanmu.

An sha ganin baƙi sun zo da ganguna da lasifika, an yi waƙa an yi rawa, an ɗauki hotuna, mako na ƙarewa shi ke nan, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai aikin mako ɗaya baƙo ne, ko da daga Kano ko Zariya ya fito. Wanda zai zauna da yaran nan rani da damina shi ne mai bisharar ƙauye, da dattijo, da malamar makarantar Lahadi. Saboda haka aikinmu shi ne mu ƙarfafa hannunsu.

Ruwan Tiga kansa ya isa misali. An gina madatsar nan tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Amma shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura ba yawan ruwan tafkin ne kaɗai ya ba da su ba, sai da aka yi hanyoyin da ke kai ruwan gona. Haka zangonmu yake. In ba hanyar da za ta kai abin da aka koya zuwa gida, mun tara ruwa ne kawai.

A Luka sura 10, da Ubangiji ya aiki almajiransa biyu-biyu, ya umarce su su zauna a gida ɗaya, su ci abin da aka ba su. Mu ma haka za mu yi. Kowane mutum biyu za a haɗa su da ikilisiya ɗaya. Su ne za su kula da yaranta a zango, su koyar tare da malaminta, su kuma koma su ziyarce ta sau uku kafin shekara ta zagayo. Wanda ya san ba zai iya komawa ba, ya faɗa tun yanzu, akwai wani aikin da za a ba shi.

Ba masu wa'azi kaɗai muke nema ba. Muna bukatar iyaye mata masu dafa tuwo da kunu, da masu koyar da karatu da rubutu, da ma'aikatan jinya, da samari masu iya iyo da za su tsaya gadi. Ba yaron da zai shiga tafki, domin ruwan yana da zurfi, ga kuma haɗarin cutar tsargiya. Ruwan sha da na wanka daga rijiyar burtsatse za a ɗebo. Kowa ya zo da tabarma, da bargo, da gidan sauro, gama sanyin hunturu a bakin ruwa ba wasa ba ne.

Game da maƙwabtanmu Musulmi, dattawa za su je gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa, a kuma sanar da 'yan sanda kafin a kafa rumfa ko ɗaya. Za a kashe lasifika a lokacin sallah. Kada kowa ya taɓa jirgi ko komar masunta. Ba za a karɓi yaro ba sai da yardar iyayensa. Ku tuna, duk abin da baƙo ya ɓata cikin mako ɗaya, 'yan'uwanmu na wurin ne za su zauna da shi shekara da shekaru.

Kada kuma mu zauna jiran Turawa ko kuɗi daga Amurka. Tun 1948 masu bi na ƙasar nan suka fara aiken nasu masu bishara da baikonsu, aikin da muka sani yau da suna EMS. Ko kai ɗan ECWA ne, ko Katolika, ko Anglikan, ko Baptis, yaran nan namu ne duka, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Mai dawa ya kawo tiya, mai masara ya kawo, mai mota ya ba da mota.

Dattawa, muna roƙonku ku karanta wannan a sujadar Lahadi, ku zaɓo mutane biyu masu aminci daga kowace ikilisiya, ku aiko da sunayensu ta hannun fastonku. Ubangiji ya ba mu ƙarfin fara wannan aiki, ya kuma ba mu amincin komawa. Amin.