Mutum ɗaya, dandali ɗaya, shekara 32

Yau Amurka muka nufa, unguwar Brooklyn a birnin New York, inda akwai cibiyar wasanni da ake kira BAM. A 1967 aka damƙa ta a hannun Harvey Lichtenstein, tsohon ɗan rawa, lokacin 'yan kallo sun ƙaurace mata. Shi ke da wuƙa da nama kan wanda zai hau dandali, har 1999.

Kuma fa mutumin nan bai bi abin da kasuwa ke so ba. A zamaninsa Chuck Davis ya fara bikin DanceAfrica, 1977. A 1983 ya kafa bikin Next Wave, na raye-raye da wasannin da ido bai saba gani ba. A 1987 ya kawo Mahabharata na Peter Brook, wasan awa tara cur! Saboda wasan aka gyara wani gidan kallo da ya zama kango, wanda yanzu sunan Harvey ake kiransa da shi.

Na yaba masa, wallahi. Amma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: shekara 32 ido ɗaya ke tantancewa. Ɗan wasan da salonsa bai kwanta wa Harvey ba, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa a BAM?